Majinyata Nawa Ne Suka Isa a Yanke wa Magani Hukunci?

A farkon watan Fabrairun 2020, lokacin da asibitocin lardin Hubei na ƙasar Sin suka cika suka batse da masu cutar korona, wasu likitoci suka fara gwada maganin remdesivir a asibitoci goma. Tun kafin su ɗaura wa kowa ruwa sun zauna sun yi lissafi, suka ga majinyata 453 suke bukata. Kafin tsakiyar Maris kullen da aka yi wa birnin Wuhan ya fara aiki, cutar ta lafa, masu zuwa asibiti a galabaice suka ragu. Abin murna ne ga mutanen gari, amma shi gwajin sai ya tsaya a kan mutum 237, rabin abin da aka nufa da ɗan ɗori. Da sakamakon ya fito a mujallar Lancet ranar 29 ga Afrilu, abin da ya ce shi ne ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba tsakanin waɗanda aka ba maganin da waɗanda aka ɗaura wa ruwan da babu magani a cikinsa. Mutane da yawa suka ɗauki wannan a matsayin an tabbatar remdesivir ba ya komai. Su kuwa masu binciken sun rubuta da hannunsu cewa ƙarancin mutane ya sauke ƙarfin gwajin nasu daga kashi 80 cikin 100 zuwa 58.

Don a gane abin da wannan ƙarfi yake nufi, sai an fara da dace. A ɗakin haihuwa, idan aka haifi jarirai goma a dare ɗaya bakwai suka zo maza, babu ungozomar da za ta yi mamaki, don gobe ana iya samun mata bakwai. Amma a ce cikin haihuwa 5,000 na shekara guda 3,500 maza ne, to nan kam ruwa ba ya tsami banza. Haka majinyata suke. Ka raba mutum 200 masu ciwo iri ɗaya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ka yi musu jinya iri ɗaya sak, ba ka ba kowa wani abu na daban ba. Bayan wata guda kana iya tarar da 12 sun rasu a wannan gida, 7 a wancan. Ƙuri'a ce kawai ta ɗan tara masu rauni a ɓangare ɗaya. Duk gwajin magani a cikin wannan hayaniya ake yinsa, aikin mai bincike kuma shi ne ya jiyo muryar maganin a cikinta. Yawan mutane shi ke kwantar da hayaniyar, sai dai a hankali yake yi: sai ka ninka mutane sau huɗu kafin ta ragu da rabi.

Kuskure biyu ne ke jiran mai gwaji. Na farko ya yabi maganin banza saboda dace ya yi masa ado. Na biyu ya watsar da magani mai amfani saboda hayaniya ta danne shi. Masanan ƙididdiga Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka tsara wannan tunani a wajajen 1933. Kan kuskuren farko an daɗe da yin ittifaƙi cewa kada haɗarinsa ya wuce 5 cikin 100, shi ne ma'aunin nan da ake rubutawa p ƙasa da 0.05. Ƙarfin gwaji kuwa na kuskure na biyu ne. Ma'anarsa ita ce: idan da gaske maganin yana da amfanin da ake zato, sau nawa cikin 100 gwaji irin wannan zai iya nuna shi? Yawancin masu tsara gwaji suna neman 80 ko 90. Ko 80 ɗin ma a lura, yarda ce da cewa magani ɗaya cikin biyar masu aiki da gaske zai faɗi jarrabawa ba da laifinsa ba. A kan 58 kuwa, fiye da biyu cikin biyar ke nan.

Bari mu yi lissafin yadda mai ƙididdiga zai yi shi a kan tebur. Ga cuta da ke kashe mutum 10 cikin kowane 100 da aka kwantar. Idan sabon magani zai sauke mace-macen zuwa 5, ana bukatar kamar mutum 430 a kowane gida, wato 860 gaba ɗaya, don samun ƙarfin kashi 80. Idan kuwa zuwa 8 zai sauke, lissafin ya yi tsalle zuwa kamar 3,200 a kowane gida, 6,400 ke nan. Idan zuwa 9 ne, sai an nemo wajen mutum 27,000. Duk lokacin da amfanin da ake nema ya ragu da rabi, mutanen da ake bukata sukan ninka kamar sau huɗu. Wanda kuma ya ce 80 bai ishe shi ba, 90 yake so, sai ya ƙara kamar sulusin adadin a kai.

Wani zai ce, to me ya sa za a wahala a kan bambancin 10 da 8? Saboda idan cutar tana kwantar da mutum miliyan ɗaya a shekara, wannan 2 ɗin rayuka 20,000 ne. Kuma mafi yawan magungunan da ke aiki da gaske irin wannan aikin suke yi, matsakaici, wanda idon likita ɗaya ba zai taɓa gani ba a ɗakin jinyarsa. Likitan da ya duba mutum 100 a bara goma suka rasu, bana takwas, ba shi da hanyar sanin ko maganin ne ko dace.

Akwai magungunan da muryarsu ke da ƙarfi har ba sa bukatar taro. Gwajin streptomycin a kan tarin fuka da aka wallafa a Birtaniya a 1948, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa, mutum 107 ne kacal a ciki. Cikin wata shida, 4 suka rasu daga 55 da aka ba maganin, 14 kuma daga 52 da aka bari da hutun gado kawai. Bambanci irin wannan ko a ƙaramin taro yana fitowa. Amma ba kullum ake samun streptomycin ba, kuma mai binciken da ya tsara gwajinsa yana fatan nasa maganin zai zama irinsa yakan ƙare da hannu biyu babu komai.

Abin da ya fi damuna a wannan fage shi ne yadda ƙarfin ke zubewa idan mutane suka gaza. A gwajin nan namu mai bukatar 6,400, idan 3,200 aka samu, ƙarfin ya faɗo zuwa kusan 50, daidai da a jefa ƙuri'a tsakanin "ya yi" da "bai yi ba". Idan 1,600 ne, bai kai 30 ba. Idan mutum 100 ne a kowane gida, ƙarfin bai kai 10 cikin 100 ba: maganin yana ceton rai da gaske, amma fiye da sau tara cikin goma takardar za ta fito ta ce ba a ga komai ba.

Gazawar mutane kuwa ruwan dare ce. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya bi diddigin gwaje-gwaje 114 da manyan hukumomin bincike biyu na Birtaniya suka ɗauki nauyinsu, ya tarar ƙasa da sulusinsu ne suka cika adadin da suka yi alkawari tun farko. Masu wannan sana'a har suna da wata magana da suke jingina wa likitan harhaɗa magunguna Louis Lasagna, cewa majinyatan da suka cika asibiti sukan ɓace ranar da aka buɗe gwaji, su dawo ranar da aka rufe. Dalilan a bayyane suke ga duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin masu ciwo mai tsanani. Sharuɗɗan shiga sukan yi tsauri: wannan ya wuce shekaru, wancan ƙodarsa ta taɓu, waccan tana shan wani magani. Likitan da ke da layin mutane ba shi da rabin awar da zai zauna ya yi bayani. Ɗan da aka tasa da tsakar dare aka miƙa masa takarda mai shafi goma sha a kan ya sa hannu a saka mahaifiyarsa cikin gwaji, aka kuma gaya masa ƙuri'a ce za ta zaɓi abin da za a ba ta, idan ya ce a'a ba wanda zai ga laifinsa.

Ko waɗanda suka shiga ma ba duka ne ke kaiwa ƙarshe ba. Wasu su ƙaura, wasu su daina zuwa, wasu su ajiye ƙwayar a aljihun tebur. Na ƙarshen nan sun fi cin ƙarfin gwaji fiye da yadda ake zato. Idan mutum ɗaya cikin biyar na gidan maganin bai sha ba, bambancin da za a gani ya ragu zuwa kashi huɗu cikin biyar na ainihinsa, kuma tunda lissafin ninki yake yi, gwajin 6,400 ya koma mai bukatar 10,000.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba a cika faɗinta a fili ba. Maimakon a tambayi wane amfani ne mafi ƙanƙanta da zai sa likita ya canza yadda yake jinya, sannan a lissafa mutanen da ake bukata, sai a fara daga kuɗin da ke hannu. Kuɗin na mutum 860 ne, don haka sai a rubuta a takardar neman izini cewa ana sa ran maganin zai rage mace-mace da rabi. A rubuce ƙarfin 80 ne. A zahiri, idan maganin daga 10 zuwa 8 yake saukewa, ƙarfin bai kai 20 ba. Kwamitin da ke duba irin wannan takarda, a ganina, tambayar da ta fi cancanta ya yi ita ce daga ina aka samo wannan rabin.

Wani abin da ke rikita masu karatu shi ne, a gwaje-gwaje da yawa abin da ake ƙirgawa da gaske shi ne aukuwar abin da ake son hanawa, yawan kawuna hanya ce kawai ta kaiwa gare shi. Gwajin rigakafin korona na Pfizer da BioNTech ya tara mutum fiye da 43,000, amma hukuncinsa ya tsaya ne a kan mutum 170 da suka kamu: 162 daga gidan allurar da babu rigakafi a cikinta, 8 daga gidan rigakafin. Sauran dubban an tara su ne don a samu waɗannan 170 da wuri. Shi ya sa gwajin rigakafi da na hana cuta suke cin mutane da yawa, kuma shi ya sa idan jinya ta inganta ana tsakiyar gwaji, mace-mace suka ragu a gida biyun, ƙarfi yakan ragu ko da an cika adadin mutane cif.

Tarihin streptokinase ya nuna abin da wannan ke jawowa a rayukan mutane. Magani ne mai narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar zuciya. Tun 1959 ake gwada shi, gwaji bayan gwaji, yawancinsu ƙanana, yawancinsu kuma suna ƙarewa da "ba a ga bambanci ba". Likitoci suka ci gaba da ɗari-ɗari da shi, musamman da yake yana iya jawo zubar jini. Sai a 1986 gwajin GISSI na Italiya, mai mutum fiye da 11,000, sannan ISIS-2 a 1988 mai mutum 17,187, suka rufe gardamar. A ISIS-2, mace-macen zuciya da jijiyoyin jini cikin mako biyar sun kai kashi 13.2 ga waɗanda ba su samu streptokinase ko asfirin ba, kashi 8.0 kuma ga waɗanda suka samu duka biyun. A 1992 Joseph Lau da abokan aikinsa suka koma suka jera gwaje-gwaje 33 na maganin bisa shekarunsu, suna haɗa lissafin ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar tun 1973, bayan gwaji takwas masu jimlar mutum 2,432, amsar ta riga ta fito. An ƙara saka mutum fiye da 34,000 a gwaje-gwajen da suka biyo baya, kusan rabinsu ba a ba su maganin ba, ban da ɗimbin waɗanda suka kwanta a asibitocin duniya cikin waɗannan shekaru goma sha biyar ba a ko yi tunanin ba su ba. Kowane ƙaramin gwaji shi kaɗai ya kasa ji, kuma ba a samu wanda ya haɗa su ya saurara a kan lokaci ba.

An yi gargaɗi tun kafin nan. A 1978 Jennie Freiman da abokanta suka duba gwaje-gwaje 71 da aka wallafa a matsayin waɗanda ba su nuna amfani ba, suka tarar 67 daga cikinsu ƙanƙantarsu ta kai su iya tsallake amfanin da ya kai rubu'i ba su gan shi ba.

Ƙaramin gwaji yana da wata illa ta biyu, wadda ta fi ta farko yaudara. A gwajin mutum 100 da 100 ɗin nan, kafin bambanci ya haye ma'aunin 0.05 sai ya kai kamar 12 da 4. Gaskiyar maganin 2 ce, amma sai dace ya hura ta ta zama 8 sannan za a ce an yi nasara. Saboda haka ƙaramin gwajin da ya ci, kusan dole ne ya zo da ƙari. Shi ne kuma mujallu ke son bugawa, 'yan'uwansa da ba su ci ba suna kwance a cikin durowa. Sinadarin magnesium ya bi wannan hanya a ciwon zuciya: ƙananan gwaje-gwaje da aka haɗa suka nuna kamar yana rage mace-mace sosai, LIMIT-2 mai mutum 2,316 ya mara musu baya a 1992, sai ISIS-4 mai mutum 58,050 ya zo a 1995 bai ga amfani ba. Aka yi ta gardama kan lokacin da aka ba da maganin, har gwajin MAGIC mai mutum fiye da 6,000 ya sake dubawa a 2002, shi ma bai ga komai ba.

Babban gwaji ma yana komawa ƙarami da zarar an yayyanka shi. Masu ISIS-2, Richard Peto na cikinsu, sun nuna wannan da gangan: suka raba majinyatansu bisa burujin haihuwa, sai ga shi asfirin kamar ba ya amfanar waɗanda aka haifa a Jauza'u da Mizani, alhali a jimla amfaninsa ba ya da shakka. Duk lokacin da na ga an ce magani bai yi aiki a jimla ba amma ya yi wa mata 'yan sama da sittin, burujin nan nake tunawa.

Samun mutane da yawa ba sai da dukiya mai yawa ba, sau da yawa sauƙin tsari ne ke kawo shi. Gwajin RECOVERY da Peter Horby da Martin Landray na jami'ar Oxford suka jagoranta a 2020 ya taƙaita sharuɗɗan shiga da takardun cikewa, ya buɗe ƙofa ga asibitoci fiye da 170 na Birtaniya. Cikin wata uku ya kwatanta masu cutar korona 2,104 da aka ba maganin dexamethasone da 4,321 da aka yi wa jinyar yau da kullum. Mace-macen kwana 28 suka zama kashi 22.9 da 25.7, ga waɗanda ke kan na'urar numfashi kuwa 29.3 da 41.4. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu asibiti ɗaya da zai iya ganin bambancin 22.9 da 25.7 shi kaɗai. Irin wannan taro ne kuma ya tona cutarwar da aka daɗe ana yi da kyakkyawar niyya. Shekaru da dama ana ba waɗanda suka bugu a ka magungunan corticosteroid don rage kumburin ƙwaƙwalwa. Gwajin CRASH ya tsaya a 2004 bayan mutum 10,008, da aka ga mace-macen mako biyu sun kai kashi 21.1 a gidan maganin, 17.9 a ɗaya gidan.

Yawa dai ba ya gyara komai da komai. Idan rabon ya gurɓace, ko masu auna sakamako sun san wanda ya sha me suka karkata, ƙarin mutane sai dai ya ƙara wa kuskuren kwarjini. Gwaji mai girman gaske yana iya tabbatar da bambancin da bai kai a canza jinya saboda shi ba. Akwai cututtukan da masu su a duk duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, waɗannan dole a nemi wasu dabaru, kamar a ba mutum ɗaya magani biyun a lokuta daban. Ta fuskar illa kuwa, ko manyan gwaje-gwaje gajeru ne. Akwai ƙa'idar uku da masu ƙididdiga ke amfani da ita: idan an gwada magani a kan mutum 3,000 ba a ga wata illa ko sau ɗaya ba, iyakar abin da za a iya cewa shi ne da wuya ta fi 1 cikin 1,000. Maganin da miliyoyi za su sha, 1 cikin 1,000 ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa sa ido ke ci gaba bayan an ba shi lasisi.

Masana sun rabu kan ko ya halatta a fara gwajin da aka san ba shi da ƙarfi. Wasu na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: majinyaci ya yarda ya ɗauki haɗari ne don a samu amsa, idan an san amsar ba za ta fito ba to an ci amanarsa. Wasu na cewa ƙaramin gwaji tubali ne, za a haɗa shi da wasu daga baya, kamar yadda aka yi da streptokinase. Ni na fi karkata ga na farko, sai dai da sharaɗi. Ƙaramin gwajin da aka yi rajistarsa tun farko, aka auna abin da sauran ke aunawa, aka wallafa shi ko ya ci ko bai ci ba, aka kuma gaya wa masu shiga gaskiyar abin da zai iya nunawa, wannan tubali ne. Wanda aka ɓoye saboda bai yi daɗi ba, ko aka buga shi da kanun cewa magani ba ya aiki, ya bar fagen cikin duhun da ya fi na da.

Masu gwajin Wuhan suna cikin waɗanda suka yi abin da ya dace. Sun buga sakamakonsu, suka kuma nuna iyakokin da gaskiya za ta iya faɗawa a ciki: saurin samun sauƙi a gidan remdesivir zai iya zama 0.87 na ɗaya gidan, zai kuma iya kaiwa 1.75. Wato lissafinsu bai kore cewa maganin yana ɗan jinkirta warkewa ba, bai kuma kore cewa yana gaggauta ta sosai ba. Mutum 237 iyakar abin da za su iya faɗa ke nan. A ranar da takardar ta fito aka sanar da sakamakon farko na wani gwajin remdesivir, ACTT-1, da Amurka ta jagoranta, mai mutum 1,062, wanda a ƙarshe ya nuna kwanakin warkewa sun sauko daga 15 zuwa 10. Kan mace-mace kuwa ko wannan bai isa ba. Sai da gwajin Solidarity na Hukumar Lafiya ta Duniya ya kwatanta mutum fiye da 8,000, a rahotonsa na ƙarshe a 2022, sannan aka ga ɗan ragi ga waɗanda ba a riga an sa wa na'urar numfashi ba, ba a kuma ga amfani ga waɗanda ke kanta ba.